Ƙullutun da Ke Bayan Inna

Da sunan Allah nake farawa, Mai saukar da cuta, Mai saukar da magani. Sunana Bilkisu. Ina aure a garin Batsari, amma an haife ni a wani ɗan ƙauye da ke bayan Runka. Labarin jinyar mahaifiyata zan bayar. Ta warke, alhamdu lillahi, tana nan da ranta da lafiyarta. Na ga ya kamata in faɗi yadda aka yi ne saboda abin da ya kwantar da ita kusan damina guda, da aka zo cire shi bai ɗauki lokacin tuƙa tuwo ba.

Tun ina budurwa na san Inna da wani ɗan ƙullutu a baya, ƙasan wuya kaɗan, tsakanin kafaɗu. Ni ke cuɗa mata baya in za ta yi wanka, don haka na san shi sarai. Bai wuce ƙwayar gurjiya ba a lokacin. In ka danna shi sai ya zame ƙarƙashin yatsa, kuma a tsakiyarsa akwai wani ɗan baƙin ɗigo kamar bakin allura. Ba zafi, ba ƙaiƙayi. A hankali yake girma, har ya kai ƙwan zabuwa, ba wanda ya damu da shi.

Sai ƙanwar Inna, wadda muke kira Iya Tabawa, ta kamu da ciwon nono. Ta daɗe tana ɓoyewa. Da ya ci ƙarfinta aka kai ta Katsina aka yi mata aiki, ba ta ga ƙarshen shekarar ba. A wurin zaman makoki matan gari suka yi ta faɗin abu guda, wai ciwon daji ne, kuma shi ba ya son ƙarfe, da wuƙa ta taɓa shi sai ya bazu. Tun daga ranar Inna ba ta ƙara bari wani ya ga bayanta ba.

A shekarar da aka rufe layukan waya a yankinmu saboda 'yan bindiga, ana tsakiyar damina, yayana Sada, wanda ke zaune da Inna yana noma gonar gida, ya aiko direban a-kori-kura ya ce mani Inna ba ta da lafiya. Na bar yarana wurin mijina Lawal da mahaifiyarsa. Ƙaraminsu ban daɗe da yaye shi ba. Na ce masu kwana biyu zan yi in dawo. Zane ɗaya na ɗauka bayan wanda ke jikina.

Na iske ta kwance rub da ciki a ɗaki.

"Sannu Inna. Ya jiki?"

"Da sauƙi. Wa ya ce ki taho ki baro yara?"

"Yaya Sada ya aiko. Bari in gani."

"Babu abin gani, ɗiyata. Abin da ya ɗauki Tabawa ne ya zo ɗaukata."

Na lallaɓa ta na ɗaga rigar. Ƙullutun ya kai dunƙulen hannu, ya yi ja yana ƙyalli, tun kafin in taɓa na ji zafinsa a tafina. Yaya Sada ya ce ɗaurin itace ta ɗauko, bakin wani icce ya buge wurin. Da ya fara ciwo sai ta sa wata maƙwabciya ta matse mata shi da ƙarfi. Wani farin abu ya ɗan fito, washegari ya kumbura.

Na ce gobe sai asibiti. Inna ta juya fuskarta bango.

Goben ba ta zo da tafiya ba ko da ta yarda. Motar da ta kawo ni ce 'yan bindiga suka tare a hanyar komawa, suka shiga daji da mutanen ciki. Direbobi suka daina zuwa. Dama an hana hawa babur, mai ya yi wuya, kasuwa ba ta ci. Gero ya yi tsayi ya rufe hanya ta ko'ina, mutum bai san abin da ke tsaye kusa da shi ba. Wayata na hannuna da caji, amma ba ta da amfani. Batsari ga ta nan kusa, tafiyar da nake yi in dawo a yini ɗaya, ta zama kamar wata ƙasa. Na san labarin motar zai kai wa Lawal, kuma ba wanda zai ce masa ba na ciki.

A makon farko gidan bai rabu da mutane ba. Kowace mace ta shigo da sannu, ta fita ta bar mana magani. Wata ta ce toka da kanwa. Wata ta ce a jiƙa saiwa ta sha. Wata ta ce sammu ne, a nemi malami. Baba Ilu wanzami, wanda ya yi wa duk mazan ƙauyen kaciya, ya zo da zabirarsa ya tsuguna bakin ƙofa.

"Hurera, maruru ne ya nuna," in ji shi, don shi sa'an Inna ne, sunanta yake kira. "Sakiya ɗaya zan yi maki, ki samu barci."

"Ilu, mayar da kayanka. Ƙarfe ba ya taɓa ni."

Na ji haushinta a ranar. Daga baya na gode Allah da ta ƙi, don na ga askar, na kuma ga tsumman da yake goge ta da shi.

Abin da ta yarda da shi wani baƙin haɗi ne da wata tsohuwa ta kawo a ƙoƙo, aka shafe wurin da shi. Kafin la'asar Inna ta fara cije zane. Da na wanke, fatar da ke kewaye ta saɓule kamar ƙunar ruwan zafi. Yanzu ciwo ya zama biyu.

Yaya Sada ya bi ta cikin gonaki da ƙafa ya je Runka. Ɗakin shan maganin a kulle, ma'aikatan sun bar gari. Mai kemis ɗaya ya samu, wanda ya ba shi maganin zafi da na zazzaɓi, ya ce a bar matsawa, a bar shafe-shafe, a riƙa ɗora tsumma mai tsabta da aka tsoma a ruwan ɗumi, sannan duk yadda za a yi a kai ta asibiti. Na yayyaga sabon kallabina, ina tafasa shi ina shanyawa. Aikina ke nan safe da yamma.

Ɗakin Inna ƙarami ne, taga ɗaya, ita ma ta sa an toshe. Ruwa na zuba a waje, mu muna ciki. Ba ta iya kwanciya rigingine, ba ta iya jingina da bango. A zaune take salla, ba ta iya sunkuyawa. Ni kuwa in na fito tsakar gida sai in tsaya ina kallon wajen da Batsari take. Nonona bai gama ƙafewa ba, in na tuna ɗan da na yaye sai ya cika ya yi mani ciwo. Yaya Sada bai iya zuwa gona mai nisa, ciyawa tana cinye masa dawa yana ji yana gani. Mu uku a gida ɗaya, kowa da inda zuciyarsa take, ba mai iya motsawa.

Wajen mako na uku ƙullutun ya fashe da kansa. Ina ɗora tsumma sai na ji ya sake ƙarƙashin hannuna. Mugunya ta fito, bayanta wani farin abu mai kauri kamar awarar da ta lalace. Warin ba ya faɗuwa. Na fita na yi amai a bayan ɗaki, na wanke baki na dawo kamar ba komai, amma ta ji ni.

"Haka Tabawa ta yi wari," ta ce.

Daga nan ta hana kowa shiga. Mata su zo su yi sallama daga waje su juya, har suka gaji suka bari. Zafin ya ɗan ragu, sai bakin ya rufe, ya sake tarawa, zazzaɓi ya dawo. Abinci sai kunu, shi ma kurɓi biyu. Wata rana da hantsi ta kira mu ni da Yaya Sada, ta fara rabon kayanta. Kwanonin jerenta nawa ne, tumaki na Sada, baƙar akuya a ba 'yar Iya Tabawa. Ta ce mu yafe mata. Yaya Sada, mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba ko ranar da muka rasa Baba, ya tashi ya fita.

Bayan wannan da 'yan kwanaki labari ya zo cewa jami'an tsaro za su raka motoci daga Runka zuwa Safana da safe. Yaya Sada ya ce mani, "Bilki, ki bi su. Daga can kya san yadda za ki zagaya ki kai gida. Yaranki sun fi buƙatarki. Ni zan ji da ita."

Allah Ya sani na so tafiya. Har na ɗaure zanena. Sai na shiga ɗakin na zauna kusa da kanta.

"Inna, gobe akwai mota."

"To, Allah Ya kiyaye hanya. Ki gaida Lawal."

"Ba zan tafi ba sai da ke."

"Kada ki yi mani haka."

"Yarana ba su san ko ina raye ba, Inna. In kin zauna, na zauna. In wata ne, in shekara ce. Ke za ki zaɓa mana."

Ban taɓa yi mata magana haka ba. Ta juyo da fuskarta ta dube ni. Can ta ce, "Dubawa kawai za su yi. Ki yi mani alkawari ba mai taɓa ni da ƙarfe sai da yardata."

Na yi mata.

A amalanken shanu muka kai ta Runka. A bayan a-kori-kura aka shimfiɗa mata buhunan da ba komai ciki, ta kwanta rub da ciki, kanta a cinyata. Motar cike take da mata da tsofaffi. Kowa idonsa na kan geron da ke gefen hanya. Duk ramin da muka faɗa sai in ji yatsunta sun nutse a ƙafata. Daga Safana muka sake mota, muka yi dogon zagaye, sai yamma muka shiga Katsina, muka sauka gidan wata 'yar'uwar mijina. Tun a tasha na nemi direban Batsari na ba shi saƙo: a ce wa Lawal tela ina raye.

Asibitin da muka je ba zan faɗi sunansa ba. Akwai waɗanda nake yi wa addu'a a cikinsa har gobe, akwai kuma waɗanda na bar su da Allah. Ranar farko a layin kati ta ƙare. Kowa na zaune a benci yana jingine, Inna kuwa tana durƙushe a ƙasa ta dafa gwiwata. Da muka iso gaba aka ce likita ta tashi, mu dawo gobe. Wata ma'aikaciya ta toshe hanci ta ce, "Ku mutanen ƙauye sai abu ya ruɓe kuke kawowa." Na so in tambaye ta ta wace hanya za mu kawo shi, amma na haƙura, don katin na hannunta.

Washegari muka ga likita. Mace ce, ba ta girme ni ba. Ta gaida Inna har da russunawa, ta sa safar hannu, ta duba a hankali, ta taɓa wuya da hammata. Ta tambaye mu tun yaushe yake, da yadda yake kafin ya kumbura. Da na ce mata yana zamewa ƙarƙashin yatsa, kuma da baƙin ɗigo a tsakiya, sai ta gyaɗa kai.

"Inna, wannan abin da muke ce wa sist ne. Wata 'yar jaka ce ƙarƙashin fata. Dattin da fata ke fitarwa waje, ita a cikinta take tarawa. Mutum kan shekara da shekaru da ita lafiya lau. Da aka buge ta aka kuma matse, sai ta fashe ta ciki, ƙwayoyin cuta suka samu wurin zama."

"Ba daji ba ne?"

"Duk alamunsa ba na daji ba ne. Amma in mun cire za mu aika a gwada, don ni da ke mu samu natsuwa."

"Cirewa da mi?"

Likita ta ce sai an ɗan tsaga an fitar da mugunyar yanzu, in ya warke a dawo a cire jakar gaba ɗaya, don in aka bar ta za ta sake cika. Inna ta jawo mayafinta ta rufe baya. Ta ba ta labarin Iya Tabawa tun daga farko. Likitar ba ta katse ta ba, ko da yake layi na jira a waje.

"Allah Ya jiƙanta," ta ce. "Ban ga ƙanwarki ba, ba zan faɗi abin da ban gani ba. Amma abin da na fi gani a nan, ba wuƙa ke kashe masu wannan ciwon ba. Zuwa a makare ne."

Inna ta ce za ta yi tunani. Na yi alkawari, don haka ban matsa mata ba. Muka fito muka zauna ƙarƙashin wata bishiya, ni dai na rasa abin yi, gaba ba hanya, baya ba hanya. Wata dattijuwa da ke gefe, wadda ta zo karɓar maganin hawan jini, ta ji muna magana da harshen gida ta tambaye mu daga ina. Ita 'yar ƙauyen Darini ce, can wajenmu, rashin tsaro ya koro su birni. Da ta ji matsalar sai ta zame ɗankwalinta ta juya mana ƙeya. Ga tabo nan, ɗan siriri, ya yi fari.

"Nawa a nan yake. Na yi jika biyu bayan an cire shi. Taɓa ki ji."

Inna ta sa yatsa ta bi tabon daga farko zuwa ƙarshe. Ta tambaye ta ko da wuƙa aka yi. Ta ce da wuƙa, idonta biyu. Inna ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta ce mu koma layi.

Ba zan ɓoye ba, tsagawar farko ta yi zafi. An yi allurar kashe wurin, amma likita ta faɗa mana tun farko cewa ba ta kamawa sosai a wurin da ya kumbura. Inna ta riƙe hannuna tana salati har aka gama. Aka wanke ramin aka cusa masa bandeji, aka rubuta mata magani. Kullum sai mun koma wanki, kuma komai mu ke saye, auduga, safar hannu, ruwan wankin, har filasta. Tumakin da ta yi wa Yaya Sada wasiyya da su, ɗaya bayan ɗaya aka sayar da su. Amma a cikin makon zazzaɓi ya sauka, wari ya ɗauke, ta nemi tuwo da miyar kuka da bakinta. Akwai wata nas mai suna irin nawa da kan sa mu gaba in ta ga Inna a durƙushe. Allah Ya saka mata da alheri.

Lawal ya zo da ƙaramin ɗanmu. Ya ce har an fara zuwa yi masa jaje. Na miƙa hannu zan ɗauki yaron, ya ƙanƙame wuyan ubansa ya juya mani baya. Sai da na koma gida da kwanaki kafin ya yarda ya zauna a cinyata.

Da ramin ya cike muka koma Batsari da Inna, muna jiran ranar cire jakar. Nan ma ɗaure take. Ba ta saba da zaman gari ba, ga kaka ta yi, tana ta lissafin wa zai sussuka mata gero. Mun je Katsina aka ce ba wuta, muka dawo. Muka sake zuwa aka ce likita na wani aikin gaggawa. Kowace tafiya sai mun yi addu'a kamar masu barin duniya, saboda hanyar. A zuwa na uku aka yi. Wannan karon allurar ta kama, Inna na kwance tana ba nas labarin awakinta har aka ɗinke. Ta ce a nuna mata. Aka kawo a ɗan kwano, wani farin tantani kamar na cikin ɓawon ƙwai. Ta daɗe tana kallo.

"Wanga ne duka?"

"Shi ke nan, Inna."

Sakamakon gwajin ya daɗe bai fito ba, har an cire zare. Da ya fito, ba daji ba ne.

Ga abin da na koya, ga mai son ji. In kana da ƙullutu irin wannan, ba ya ciwo, ba ya girma da sauri, ba lallai ne a cire shi ba, likitar da kanta ta faɗa. Amma a kai a duba shi tun yana lafiya, ranar da hanya take a buɗe, don mu mutanen nan ba mu san ranar da za ta rufe ba. Kada a matse, kada a yi masa sakiya, kada a shafa abin da ba a sani ba. Likitar ta kuma ja kunnena cewa wanda ya yi tauri kamar dutse, ko ba ya motsi, ko yake girma da gaggawa, ko ya fito a nono, wannan ba a kwana da shi. Ina godiya ga likitar, da dattijuwar Darini da ko sunanta ban tambaya ba, da 'yar'uwar mijina da ta ba mu ɗakinta, da uwar mijina da ta riƙe mani yara.

Na roƙi Inna ta zauna da mu, ta ƙi. Yaya Sada ya zo ɗaukarta da hanya ta ɗan yi sauƙi. Muna tsaye a zaure ana ɗaure kaya, sai ta ce, "Sada, cire hularka ƙanwarka ta gani."

"Inna, mota na jira."

"Cire."

Ya cire yana kallon ƙasa. A tsakiyar kansa, cikin gashi, ga wani ƙullutun nan ya kai goro. Ya ce ya daɗe da shi, Inna kaɗai ta sani. Duk zaman da muka yi a ɗaki ɗaya muna jinya, ban taɓa lura ba ya cire hula ba.

Na ce ya kwana, gobe mu je Katsina. Ya ce shi kaɗai ne namiji a gida, hatsi na waje ba a sa rumbu ba, ba zai bar su ba. Ya ce bayan kaka. Bayan kaka aka sake tare hanya. Da rani ya ce sai an yi shuka.

Layin waya ya dawo yanzu, in ya hau tudun bayan gari muna samun magana. Ran nan na tambaye shi ko ya ƙara girma. Ya yi dariya ya ce in kwantar da hankalina, ya sayi hula mai zurfi.